Shaddar da Ta Zuba a Wuyan Maigidana

Har yau idan aka miƙo mini katin gayyata na ga an rubuta bikin karramawa da ruwan zinare, sai in ji raina ya ɓaci. Matata ta gane haka, shi ya sa idan aka kawo irin katin nan gida take tura shi ƙarƙashin faranti, sai na gama cin abinci ta nuna mini. Ba ƙin a yaba wa mutum nake yi ba. Na dai ga yadda aka karrama mutumin da ya koya mini aiki ne, kuma da hannuna dumu-dumu a ciki.

Ina aiki a sashen sayen kaya na wata ma'aikatar gwamnati a Gumel. Ba zan faɗi sunanta ba, domin yawancin waɗanda zan ba da labarinsu suna raye, wasu ma kafaɗa da kafaɗa muke tsayawa a masallacin Juma'a. Duk abin da ma'aikatar za ta raba wa ƙauyuka, daga nan Gumel har Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, ta hannunmu yake bi, ko bencin makaranta ne, ko katifar ɗakin shan magani, ko kwanon rufi, ko buhunan iri. Tsarin ba shi da wuyar ganewa. Ɗan kwangila zai kawo samfur, wato guda ɗaya na abin da ya yi alkawarin kawowa, kwamiti ya duba ya amince, mu ajiye. Ranar da ya kawo kayan gaba ɗaya sai mu gwada su da samfurin. In sun yi daidai mu sa hannu a takardar karɓar kaya, in ba su yi ba ya kwashe abinsa. Ba a biyan kowa sai da wannan sa hannun, saboda haka duk rigimar aikinmu a kansa take.

Shekara talatin da biyar maigidana ya yi a wannan sashe, fiye da rabinsu shi ke sa hannun. Baba nake ce masa, duk da ba jinin da ya haɗa mu. Ɗan siririn mutum ne, ba ya ɗaga murya, yana hawa wani tsohon babur da sai an tura shi ranar da ya ga dama. Yana da ɗaki guda a bayan sito, shi kaɗai ke riƙe da mabuɗinsa, a nan yake jera samfura. Kowane samfur yana da ɗan kwali da ya yanko daga kwalin sukari ya ɗaura masa da zaren buhu, a jiki layi uku da rubutun hannunsa: abin da aka kawo, wanda ya kawo, wanda ya karɓa. Layi na ukun ba ya cike shi sai kayan sun iso ya gamsu da su.

Idan mota ta tsaya da kaya a ƙofar sito, magana ɗaya ce a bakinsa, a sauke duka. 'Yan dako su yi ta ƙunƙuni, direba ya yi ta danna hon, shi ko a jikinsa. Bai taɓa duba na sama ba, na can ƙasa yake sa a zaro masa. Kullum kuma da butarsa a hannu, ba don alwala kaɗai ba. Katako ne, yadi ne, fenti ne, sai ya zuba masa ruwa ya murza da yatsa, ya jira. Na taɓa raka shi Sule Tankarkar karɓar bencina da aka shafe da fenti suna ta sheƙi. Ya kifar da guda ɗaya, ya kankare ƙasansa da mabuɗin babur, sai ga garin katako yana zuba, ƙwari sun gama da cikinsa. Ɗan kwangilar ya roƙa, ya yi rantsuwa, ya yi barazana, daga baya ya aiko da rago gida. Baba ya sa aka mayar da ragon a adaidaita sahu, shi ya biya kuɗin motar ma.

Kada wani ya ɗauka yabo yake samu a kan wannan hali. Waɗanda suka shigo aiki bayansa sun wuce shi da matakai, sun gina benaye, shi kuwa gidansa har yau ginin ƙasa ne. Sau ɗaya aka tura shi Gagarawa, wani ofis da babu komai a ciki sai tebur da ƙadangaru, ya yi shekara biyu a can don kawai ya ƙi karɓar wasu katifu. Ba su dawo da shi ba sai da kayan da aka karɓa a bayansa suka fara ba manya kunya. Shekara goma sha bakwai na yi a ƙarƙashinsa ina kallon wannan duka, ina cika baki a majalisa cewa ni ne magajinsa.

Da lokacin ritayarsa ya yi, ya miƙa mini hatimi da fayiloli, ya ce mabuɗin ɗakin samfur sai ranar da aka sallame shi a hukumance. Ni kuma aka ba ni riƙon ƙwarya. Takardar da za ta tabbatar da ni a kujerar tana kan teburin Darakta, sa hannunsa kawai take jira. A wannan tsakanin ne Darakta ya tara mu ya ce za a yi abin da ba a taɓa yi ba, za a karrama ma'aikata goma sha biyu da suka cika shekarun aikinsu, har da direba da masinja da Baba. Za a gayyaci babban baƙo, a kafa rumfa, a ba kowa lambar yabo. Don abin ya ƙayatar kuma za a yi anko, a raba wa kowane mai ritaya shadda shuɗiya yadi goma ya ɗinka babbar riga, manyan da za su zauna a babban tebur su ma su sa irinta. Wallahi na yi murna. Na ce yau dai an tuna da tsohon nan.

Murnar ta ragu da na ga wanda aka ba kwangilar shaddar. Mutumin bencin Sule Tankarkar ne, mai rago. A shekarun da suka wuce ya yi ƙiba, ya je Makka sau ba adadi, ya kuma haɗa surukuta da wani babba. Amma samfurin da ya kawo ba abin kushewa, shadda ce mai nauyi da maiƙo, na jiƙa gefenta na murza har yatsana ya yi zafi, ko ɗigon launi bai fita ba. Na yanki kwali na rubuta layi biyu kamar yadda aka koya mini, na ajiye a durowata.

Saura mako uku biki ya iso da kayan a bayan motarsa, ya ce daga kasuwar Maigatari yake, kayan ƙetare ne, bai ko tsaya gida ba. Kowane yadi goma a naɗe cikin ledarsa. Ya zaro na sama ya buɗe mini, irin samfurin ce sak. Ya buɗe na biyu, haka. Ya miƙo takardar karɓa yana dariya, wai ai ni ɗan zamani ne, ba zan tsaya ɓata wa mutane lokaci irin na tsofaffi ba. Na ce a sauke duka. Muryata ba ta fita yadda ta Baba take fita ba, amma dai na faɗa. Na zaro ɗaya daga can ƙasa, tun kafin in buɗe ledar na ji ba nauyin. Na zuba ruwa a gefen na murza. Babban yatsana ya fito shuɗi kamar na tsoma shi a bula.

Na ƙirga masu kyan, sun yi daidai da yawan kujerun babban tebur. Sauran goma sha biyun duk jabu ne, an sa musu sitati an buga don su yi sheƙi. Wato tun daga kasuwa an riga an raba wa zai sa wacce. Wannan shi ne abin da har gobe yake ci mini rai in na tuna. Da duka jabu ya kawo, da na ce ɓarawo ne kawai. Amma mutum ya zauna ya ware, ya ce waɗannan na manya ne, waɗannan kuma na tsofaffin da suka ƙarar da ƙarfinsu ne, ai ba za su gane ba, in sun gane ma ba su da bakin magana.

Na ɗauki shaddar na hau wurin Darakta da yatsana a ɗage. Bai yi faɗa ba. Da ma ya yi. Ya ba ni kujera, ya sa aka kawo mini ruwan sanyi, ya saurare ni har na gama. Sannan ya ce ai kayan biki ne na wuni ɗaya, ba magani ba ne da wani zai sha ya mutu. Ya ce in aka mayar da kayan nan teloli ba za su gama ɗinki ba, babban baƙo kuma ba a ɗaga masa rana, biki zai rushe, maigidan nawa da nake ji da shi ya tafi gida babu ko na gode. Ya tambaye ni ko haka nake so a yi wa tsohon. Da na miƙe zan fita sai ya ɗora tafin hannunsa a kan wani fayil ya ce, "Takardarka tana nan, ban manta da ita ba."

Na sauko na sa hannu. Ba wanda ya riƙe mini biro. Na gaya wa kaina don Baba na yi, don kada a hana shi ranarsa guda ɗaya tal a shekara talatin da biyar. Ƙarya nake yi, rabin dalilin ne kawai, ɗaya rabin yana cikin fayil ɗin can. Gidan Baba bai fi tafiyar minti goma daga ofis ba, amma ko sau ɗaya ban yi tunanin in je in tambaye shi ba, don na san abin da zai ce.

Washegari aka ce ni zan kai masa tasa, tunda ni ne ɗan gidansa. Na wanke yatsan nan da sabulu, na goga da toka, na goga da yashi, amma launin ya maƙale a gefen farce. Na same shi da hantsi a zaure a kan tabarma yana tsince irin riɗin da zai shuka a gonarsa ta hanyar Gagarawa. Muka gaisa, ya tambayi iyali da ofis. Na ajiye ledar a gabansa na ce saƙon ma'aikata ne. Ya goge hannunsa a jikin tabarma, ya buɗe, ya kama gefen shaddar da yatsu biyu. Bai ko nemi buta ba. Ya daɗe riƙe da ita, sannan idonsa ya sauka a kan hannuna, na yi sauri na tura shi aljihu, amma na makara.

"Ka duba?" in ji shi.

"Na duba, Baba."

"Wa ya sa hannu?"

"Ni ne."

Ya gyaɗa kai, ya ninke shaddar a hankali ya mayar cikin leda, ya ce to madalla, a yi wa Darakta godiya. Ya ci gaba da tsince riɗinsa. Na zauna kamar minti biyar ina jiran ya zage ni, bai yi ba, sai na yi sallama na tashi.

Makonni ukun da suka biyo baya ban ji daɗin abinci ba. Na san mutumin nan. Na taɓa ganinsa ya miƙe a tsakiyar taro ya ɗaga katifa sama ya farke ɗinkinta a gaban baƙi. In ya zo ranar biki da tsohuwar rigarsa, shaddar a hammata, ya ajiye ta a gaban babban baƙo ya ce ba ta yi daidai da samfur ba, tambaya ɗaya za a yi, wa ya karɓa. Darakta bai rubuta komai ba, ruwan sanyi kawai ya ba ni. Sunana ne a takarda, ni kaɗai. Kujerar za ta tafi, wataƙila aikin ma. In kuma ya ɗinka ya sa, to mutumin da bai taɓa karɓar jabu ba zai tsaya a gaban garin Gumel sanye da ita, a ranar da aka ce ta girmama shi ce. Ɗaya daga cikinmu dole ya sha kunya, kuma zaɓin yana hannunsa. Matata ta ji a wurin matarsa a wani gidan suna, wai ya kai wa tela, amma ban yarda ba, na ce ƙila ya kai ne a yanko masa shaida.

Ranar ta zo a tsakiyar bazara, lokacin da ko inuwa ba ta da sanyi. Kati ya ce ƙarfe goma. Tun tara da rabi masu ritaya suka hallara da iyalansu, aka jera su a kujerun roba a gefen rumfa, daidai inda rana ke leƙowa. Babban tebur yana can tsakiya, da fanka biyu a tsaye da robobin ruwa cikin ƙanƙara. Ina tsaye wurin rajista na ji ƙarar tsohon babur. Na ɗaga kai. Baba ne, cikin babbar riga shuɗiya sabuwa fil, da farar 'yar ciki da farar hula. Ya kafe babur ɗin, ya gyara hannun riga a kafaɗa, ya je ya zauna a sahun 'yan uwansa. Abin da na fara ji shi ne sanyi a raina, na tsira. Ina faɗin haka ne don a san irin mutumin da nake a ranar.

Babban baƙo bai iso ba sai wajen ƙarfe biyu. Fiye da awa huɗu tsofaffin nan suna zaune suna gumi. Direban ne ya fara, mutum ne mai jiki, ya goge wuyansa da hankici sai ya ga hankicin ya rine. Ya nuna wa na kusa da shi, shi ma ya duba nasa. Kafin azahar duk wuyan fararen 'yan cikinsu ya koma shuɗi, launi yana bin gumi yana gangarowa ta ƙeya, ta hammata, ta damtse. Masinja ya shafa fuskarsa da hannun riga ya bar wa kansa zane daga goshi har haɓa, jikokinsa suna ta ƙyalƙyala dariya ba su san komai ba. 'Yan kallo suna zunɗe, wani a bayana yana cewa an kawo masu rini daga karofi. A babban tebur kuwa launi ɗaya ne, ɗinki ɗaya, amma ko ɗigo. Baba yana zaune ƙyam, hannayensa a kan gwiwa, bai goge ko'ina ba.

Da aka fara jawabai sai abin ya koma cin fuska ƙarara. Darakta ya riƙe lasifika ya yi ta zuba yabo, da ya zo kan Baba har da rage murya kamar zai yi hawaye. Wai ga mutumin da a tsawon aikinsa bai taɓa bari jabun kaya ya shiga siton gwamnati ba, wai matasa su yi koyi. Aka tafa. Cikin masu tafin har da mai kwangilar, yana zaune kujera ta uku daga babban baƙo, cikin tasa shaddar mai kyau. Shi ya ɗauki nauyin lemon kwalba, saboda haka shi ma aka kira shi aka ba shi lambar yabo, wai abokin ci gaban ma'aikata. Tasa ma ta fi ta masu ritayar girma, na gani da idona. Na tsaya ina kallon Baba, mutumin da Darakta ya taɓa sa wa hannu aka kai Gagarawa, ana yaba masa da bakin da ya kore shi. Me zan ce, da wane bakin?

Aka kira su ɗaya bayan ɗaya. Da aka zo kan Baba ya miƙa wa babban baƙo hannu, suka gaisa, baƙon ya dubi tafinsa ya ga ya yi shuɗi, ya ɗan yamutsa fuska, wani ya yi maza ya miƙo masa hankici. Sai mai gabatarwa ya ce Baba ne zai yi godiya a madadin sauran.  Ya karɓi lasifika, ya dubi 'yan uwansa goma sha ɗaya a zaune sun rine, ya dubi babban tebur, sannan ya dube ni. Ya yi salati, ya gode wa Allah da ya nuna masa ƙarshen aiki da lafiya, ya nemi gafarar duk wanda ya ɓata wa. Ya ce roƙo ɗaya yake da shi, ɗakin nan na bayan sito kada a mai da shi wurin ajiye tsofaffin tayoyi in ya tafi. Aka yi dariya aka tafa, ya koma ya zauna.

Da aka tashi, manya suka wuce cin abinci, shi kuma ya nufi gindin darbejiyar da ke bayan ofis don yin alwala, azahar ta riga ta yi nisa. Na bi shi, na ɗauki butar na ce zan zuba masa. Bai hana ni ba. Ya naɗe hannun riga ya tara hannu. Ruwan da ya sauka daga damtsensa shuɗi ne, ya taru a yashi a gabanmu. Ya wanke fuska, ya shafi kai, ya cuɗa wuyansa, launin ya ƙi fita duka. Na buɗe baki na ce, "Baba, ka yafe mini." Ya gama wanke ƙafarsa ta hagu kafin ya amsa.

"Da ka zo mini kafin ka sa hannu, da mun ƙi ta tare," in ji shi. "Da ka zo bayan ka sa, sai muka karɓe ta tare."

Ya laluba aljihu ya ciro mabuɗin ɗakin samfur ya sa mini a hannu, ya ta da salla.

Mako ɗaya bayan bikin takardata ta fito, aka tabbatar da ni. Mutane suka yi ta zuwa yi mini murna, mai kwangilar ma ya aiko da kwalin lemo. A ranar da yamma, ana shirin tashi daga aiki, Baba ya zo a babur ɗinsa da leda a rataye. Bai shigo ba, ya ba mai gadi ya ce a ba ni, a ce in ajiye a ɗakin samfur. Rigar ce. An wanke ta sau ɗaya ta koɗe, ta yi dabbare-dabbare, ta yi laushi kamar tsumma. A wuyanta an ɗaura ɗan kwalin sukari da zaren buhu. Abin da aka kawo, shadda yadi goma, ba ta yi daidai da samfur ba. Wanda ya kawo, ya rubuta sunan mutumin. Wanda ya karɓa, sai na ga sa hannunsa, nasa na kansa, wanda na fi sani fiye da nawa.

Na ji haushinsa a ranar, kuma ba zan ɓoye ba har yanzu ina ji. Wa ya roƙe shi? Kwalaye ɗaruruwa ne a ɗakin nan da sa hannunsa, duk a kan kaya na gari, shi ne abin da ya tara a duniya, ba bene ba mota. Ya ɗauki guda ɗaya ya ɓata da hannunsa don ya rufa wa ƙato irina asiri. Da ya zage ni a gaban jama'a da tuni na warke. Na rataye rigar a ƙusa bayan ƙofa, na ce gobe zan gyara kwalin. Goben nan ta ɗauki shekaru. Na dai koma cewa a sauke duka da ƙarfi, na mayar da kaya ba sau ɗaya ba, har an fara yi mini maganar Gagarawa, amma kwalin ban taɓa shi ba.

Baba ya rasu damina biyu da suka wuce, riɗinsa na tsaye a gona. Kwanaki aka turo mana sabuwar ma'aikaciya, mai kaifin kai, na kai ta ɗakin samfur ina nuna mata yadda ake aiki, ina ba ta labarin wanda ya kafa ɗakin. Tana bin kwalaye tana karantawa har ta iso bayan ƙofa. Ta ɗaga kwalin rigar, ta gwada sa hannun da na sauran, sai ta yi 'yar dariya.

"Yallaɓai, ashe shi ma tsohon ya taɓa karɓar jabu."

Ban san lokacin da na daka mata tsawa ba, abin da ban taɓa yi wa ma'aikaci ba. Ta tsorata ta saki kwalin. Laifinta me, abin da aka rubuta ta karanta. Na ba ta haƙuri, na ce ta jawo benci ta zauna, na ba ta labarin tun daga yatsana har gindin darbejiya, ban rage komai ba. Ita ce mutum ta farko da ta ji shi daga bakina, matata ma rabi ta sani.

Da na gama na aika aka sayo sukari a shagon bakin titi, na juye shi a leda na yanki kwalin. Na cike layi ukun, na sa hannuna a na ƙarshe, na ɗaura a wuyan rigar. Na sa almakashi zan yanke nasa zaren, na kasa, rubutunsa ne. Suna nan rataye su biyu, nawa a sama, don duk wanda ya ɗaga shi zai fara gani.